Yaro mai naƙasa ya shigo ajinka, ga yadda za ka yi da shi

Shekarata ta huɗu da fara koyarwa anka ba ni CE1, aji na uku na firamare, yara tamanin da 'yan kai cikin aji guda, kuma can sahun baya jikin bango akwai wani yaro da ya riga ya maimaita CP, aji na biyu, kowa ya sallama shi, an ce kanshi ba ya ɗauka. Ni ma haka na karɓe shi, na bar shi inda na iske shi. Wata rana an tashi ina tsaye bakin ƙofar lakwal sai ga ɗan kabu-kabu ya taho ta bayanshi shina ta danna oda, duk yara sun watse gefe, shi ko tahiyarshi kawai yake yi, bai ko waiwaya ba sai da wani ya jawo rigarshi. Da marece na tahi gidansu. Uwar ta ce mani, "Ai mushe tun da ya yi sanƙarau shina shekara huɗu kunnen ga bai koma daidai ba, mu nan gida sai mun taɓa shi ko mun ɗaga murya." Shekara uku yaron ga shina zamne cikin lakwal ba wanda ya tambayi uwarshi wannan magana, ita kuma ba ta san abu ne da za ta gaya ma malami ba. Wallahi daren nan ban yi barci da daɗi ba.

To abin da na koya daga ranar zuwa yau shi nike so in ba 'yan uwana malamai, musamman sabbin hitowa daga makarantar horon malamai da 'yan kwantaragi da anka tura ƙauye ba tare da an taɓa yi masu bayanin wannan fanni ba. Galibin abin da zan faɗa ba ya cin ko dala, ido da haƙuri da ɗan tsari yake so.

Mu fara sanin cewa karɓar yaron ga ba alfarma ba ce muke yi ma iyayenshi. A 1994 ƙasashe 92 sunka taru a garin Salamanka na ƙasar Sipaniya sunka amince lakwal ta unguwa ita ya kamata ta karɓi kowane yaro, ko mi ke gare shi. A 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniyar haƙƙin masu naƙasa, sashe na 24 kan ilimi yake magana, kuma Nijar ta amince da ita tun 2008, sannan a 2019 anka yi tamu dokar ta cikin gida kan shigar da masu naƙasa cikin al'umma. UNICEF ta ce yara wajen miliyan 240 ke da naƙasa a duniya, kusan ɗaya cikin goma kenan, to kai da ke da tamanin a gabanka da wuya a ce babu ko guda, sai dai ba ka gano shi ba tukuna. Makarantu na musamman akwai su, akwai ta makafi a Yamai, akwai na kurame a Yamai da nan Maradi da Damagaram, kuma suna aiki mai kyau, amma ɗiyar talaka da ke wani ƙauye bayan Dakoro ko Mayahi wa zai kai ta can, wa zai riƙe ta? Ajinka shi ne abin da ke gare ta.

Aikin farko, sati biyu na bayan rantire, wato buɗe lakwal farkon shekara, ka sa ido. Ka samu kaye guda ka ware shi don wannan kawai. Gurgu da makaho kowa na ganinsu tun daga ƙofa, waɗanda ke ɓace mana su ne na tsakiya, mai gani kaɗan da mai ji kaɗan, su ne ake ma laƙabin daƙiƙi ko mai taurin kai alhali ba su ji abin da anka ce ba ne. Ka lura da yaron da ke ƙanƙance ido in shina kallon tablo, ko ya manna huska jikin ardwaz, ko kullum daga kayen maƙwabcinshi yake kwahi maimakon tablo. Ka lura da wanda ke juyo kunne guda wajenka, wanda ke kallon bakinka ƙuri, wanda sai ya ga sauran sun ɗauko littahi sannan shi ɗauko nashi, wanda kunnenshi ke zubar da ruwa. Duk wanda ka gani ka rubuta sunanshi da abin da ka gani da ranar.

Sannan ka gwada su da kanka, lokacin rekire, ba gaban aji ba. Na ido, ka rubuta baƙaƙe bisa tablo manya da matsakaita da ƙanana, yaro shi tsaya daga sahun baya shi ruhe ido guda da tahin hannu shi karanta, sannan shi canza ido. In ɗan CI ne, ajin farko, da bai san baƙaƙe ba sai ka zana ƙwarya da kaza da hannu mai yatsu. Na kunne, ka tsaya bayanshi kamar taki guda yadda ba ya ganin bakinka, ka faɗi kalmomi da ƙaramar murya shi maimaita, gefen dama sannan gefen hagu. Kuma don Allah da Hausa za ka yi wannan gwaji, ko da Fulatanci ko Tamajak in shi ne harshen gidansu ka samu mai taya ka. Nan ne da yawa muke kuskure, yaro ya tashi da Hausa gida ya zo aji an tare shi da Faransanci, ya yi shiru, sai a ce ƙwaƙwalwa ce. Ka tambaye shi in an ba shi jika guda ya sayo ƙosai na ɗari da hamsin na sefa canjin nawa zai kawo, ko awakinsu nawa ne in biyu sunka haihu, za ka sha mamakin yaran da "ba su iya lissahi ba". Wannan gwaji naka ba shi ne na likita ba, kai ba ka sa ma ciwo suna, abin da ka gani kawai za ka faɗa.

Daga nan sai gida. Kar ka aika a kira uba lakwal kamar ɗanshi ya yi laihi, kai ka taka ka tahi, bayan la'asar, ka gaida mai gida ka nemi izini a kira uwar don ita ta fi sanin yaron. Kar ka buɗe baki da "ɗanku ba shi da lahiya". Ni abin da nike cewa shi ne, "Malam, yaron ga ina sonshi da karatu, na lura wani abu na tare mashi hanya, na zo ku taimake ni in gane." Sai ka yi tambaya, ƙaƙa haihuwarshi ta kasance, yaushe ya fara tahiya, yaushe ya fara magana, ya taɓa sanƙarau ko ƙyanda ko zazzaɓin da ya kai shi ga suma, in dare ya yi shina gani ko shina tuntuɓe, wanda muke ce ma dundumi, kuma gida da wace dabara kuke fahimtar juna. Wannan ta ƙarshe ta fi duka amfani, don uwar kurma ta riga ta ƙirƙiro alamunta na ruwa da abinci da zo da tahi, kai ɗauka kawai za ka yi. Wasu iyayen za su ce maka jinnu ne ko sammu, kar ka tsaya gardama, ka ce a ci gaba da addu'a kuma a haɗa da likita. Ka roƙe su su kai shi CSI mafi kusa, wato ƙaramar likita ta unguwa ko ƙauye, a duba, in abin ya fi ƙarhinsu can su za su tura babban asibiti. Kunne mai ruwa ana maganinshi, yaro da yawa tabarau kawai yake buƙata, kuma ƙafar da ta lanƙwashe tun haihuwa da leɓen da ya tsage ana gyara su, asibitin yara na CURE da ke Yamai irin aikin da suke yi kenan. Akwai iyayen da ba su taɓa jin ana gyara waɗannan abubuwa ba sai daga bakin malami.

Yanzu mu dawo cikin aji, maganar wurin zama. Mun saba dogaye baya gajeru gaba, ko masu ƙoƙari gaba, to a bar wannan. Mai ƙarancin ji shi zamna sahu na ɗaya ko na biyu, ɗan gefe kaɗan yadda kunnenshi mai kyau ke wajenka kuma in ya juya shina ganin huskokin 'yan ajin, nesa da taga mai kallon titi. Kai kuma akwai ɗabi'u uku da sai ka yaƙe su a jikinka, kuma suna da wuyar bari. Magana kana rubutu bisa tablo ka ba aji baya, wannan ga kurma kamar ka kashe rediyo ne, ka rubuta ka juyo sannan ka yi magana. Yawo cikin aji kana dikte, ka tsaya wuri guda. Tsayawa bakin ƙofa ko taga haske na bayanka, huskarka ta zama duhu ba ya ganin leɓenka. Ihu ba ya taimako, murɗe baki yake yi, magana a sarari cikin natsuwa ta fi. In wani yaro daga baya ya ba da amsa ka maimaita ta kai da bakinka, in ba haka ba rabin darasin ya wuce shi. Kuma kar ka ce "ka gane?" don zai ɗaga kai ne kawai, ka ce shi nuna maka ko shi yi guda ka gani.

In kurma ne gaba ɗaya to sai hannu. Ka tahi makarantar kurame ko wajen ƙungiyarsu ka roƙi wani babba shi koya maka, kurame na murna ƙwarai in sunka ga mai ji ya zo neman yarensu. Ka fara da baƙaƙe da ƙidaya da kalmomin aji, kuma kar ka koya kai kaɗai, duk sahiya bayan gaisuwa ka ba aji duka alama uku, minti biyar ya isa. Yara sun fi mu saurin ɗauka, kahin hutun Disamba za ka ga suna hira da shi a hili kai ba ka ma san mi suke cewa ba. Yaron da na ba ku labari da farko shi da sauran ji a kunne guda, gaba kawai na maido shi na bar magana ina kallon tablo, cikin wata uku ya fara haɗa baƙi, uwar har fura ta aiko mani.

Mai ƙarancin gani shi ma gaba, amma ka bar shi shi zaɓi wurin da kanshi, don wani haske yake so wani kuma haske ke damunshi. Ka ba shi izini na dindindin shi tashi shi matso tablo duk sa'ad da ya so ba sai ya ɗaga hannu ba. Tablon da ya koɗe ya yi fari-fari a sake mashi baƙin fenti, alli fari ko rawaya, rubutu manya, kuma abin da duk ka rubuta ka faɗe shi da baki. Ka bar "wannan da wancan" da "ku dubi nan", ka ce "bakwai a tara da biyar". Ka kira sunan yaro kahin ka yi mashi tambaya. Zabiya kusan dukansu idonsu na da rauni kuma rana na ƙona masu fata, to a bar su da hula ko cikin aji, da riga mai dogon hannu, layin sahe da wasanni a nema masu inuwa, kuma ka gaya ma aji a sarari cewa ba a ɗaukar zabiyanci, halitta ce.

Makaho ɗungum hannunshi da kunnenshi su ne idonshi. Ranar farko ka zagaya da shi aji da hili da makewayi shi taɓa shi ƙidaya taki, bayan nan kar a riƙa canza ma teburori wuri ba a gaya mashi ba, kuma kar a bar ƙofa rabi buɗe. Kayan aiki na nan zube ƙasa, 'ya'yan tsamiya da marahen kwalba don ƙidaya, karan dawa don tsawo da siffofi, igiya a manna ta bisa kwali a yi taswirar Nijar yatsa na bin iyaka. Rubutun makafi kuwa wani Bafaranshe ne Luwi Birai ya tsara shi, an haife shi 1809, ya makance tun shina ƙarami, kuma shina ɗan shekara 15 ya hito da tsarin, ɗigo 6 ne kacal, uku dama uku hagu, da su ake yin kowane baƙi da lamba. Ana huda takarda da ɗan tsinke cikin allo mai ramuka daga dama zuwa hagu, a juya takardar a karanta da yatsa daga hagu zuwa dama. Kai mai ido da ido za ka karanta shi, kuma baƙaƙen ba su fi ƙarhin ka haddace su cikin 'yan makonni ba. Allon da takardar ka bi ta wajen direkta da inspekshon da ƙungiyar makafi, akwai kuma ƙungiyoyi irin Handicap International, wadda yanzu ake ce ma HI, da sunka yi aiki kan wannan fanni a Nijar. Kahin kayan su zo kar yaro shi zamna banza, da baki ake koya mashi da baki ake tambayarshi, mu da munka san makafi mahaddata Alƙur'ani a garin ga ba mu da hujjar cewa makaho ba ya karatu.

Sai masu jinkirin fahimta, kuma gaskiya nan ne aikin ya fi cin rai, don ba ka ganin sakamako da wuri. Umarni guda a lokaci guda. Kar ka ce "ku ɗauko kaye ku ja layi ku rubuta kwanan wata ku kwahi darasi", shi na farkon kawai ya riƙe. Ka fara da abin da hannu ke taɓawa, sannan zane, sannan lamba, tsakuwa uku da tsakuwa biyu tukuna kahin 3 da 2 bisa ardwaz. In aji na yin lissahi goma shi ba shi uku, amma cikin darasin da kowa ke yi, ba a ba shi zane shi yi ta yi a lungu shekara ta ƙare ba. Abin da ya koya yau a maimaita gobe da jibi da sati mai zuwa. Baƙi shi rubuta shi cikin rairayi da yatsa shina faɗin sautin, rairayi dai ba mu rasa shi ba a Maradi. Yaron da ke juya b da d ko p da q a CI wannan ba komi ba ne, amma in ya kai CE2, aji na huɗu, shina yi alhali da baki ya fi kowa amsa, to ba lalaci ba ne, akwai masu wahalar karatu da rubutu kawai kuma basirarsu lahiya lau, a rage mashi yawan kwahi a riƙa tambayarshi da baki. Akwai kuma yaron da ba ya haɗa ido, ba ya son hayaniya ko a taɓa shi, in anka canza tsarin yini sai shi rikice shi yi ta kuka ko kaɗa jiki. Irin wannan ka zana mashi tsarin yini da hotuna jikin bango, ka gaya mashi tun da wuri in za a canza wani abu, kuma ka samar mashi wuri mai shiru, ko gindin bedi ne kusa da ƙofa inda kake hangenshi, shi huce shi dawo.

Bulala ba ta buɗe kunne, ba ta gyara ido. Duk yaron da na ambata a sama an daki irinshi a kan abin da ba shi da iko a kai, kuma da yawansu dukan ne ya kore su daga lakwal ba naƙasar ba.

Farfaɗiya sai na tsaya kanta, don na taɓa ganin yarinya ta faɗi cikin hili yara da manya sunka dare sunka bar ta ita kaɗai tana buga kai ga ƙasa, wai kar miyau shi taɓa su. Ba a ɗaukar farfaɗiya, ba ta miyau ba, ba ta numfashi ba, ba ta taɓawa ba. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma Hukumar Lahiya ta Duniya ta ce kusan bakwai cikin goma na masu ita za su iya daina faɗuwa in suna samun magani yadda ya kamata. In yaro ya faɗi ka janye tebur da duk abin da zai ji mashi ciwo, ka sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kai ko ɗankwali ne ko jikka, ka sassauta wuyan riga, ka dubi agogo. Kar a danne shi, kar a sa cokali ko yatsa ko tsumma a baki, kar a ɗura ruwa ko rubutu shina cikin wannan hali don zai iya shaƙewa. In jijjigar ta tsaya a kwantar da shi bisa gefe guda miyau shi zubo, a ruhe shi in ya yi fitsari, a kori 'yan kallo. In ta wuce minti 5, ko ta dawo bai farfaɗo ba, ko ya ji ciwo, ko wannan ne karo na farko, a nemi abin hawa sai likita. Washegari ka yi ma aji bayani da kanka, kuma ka zamna kusa da yaron ka dafa kafaɗarshi su gani da idonsu. Mai sikila kuma, wadda muke ce ma emasi, a bar shi da gorar ruwanshi cikin aji, shi hita makewayi ba tambaya, lokacin hunturu a nisanta shi da taga, kar a tilasta mashi gudu, kuma in ya yi kwanaki kwance a aika mashi darasi gida ta hannun maƙwabci.

Duk wannan kai kaɗai ba ka iyawa da yara tamanin, 'yan ajin su ne mataimakanka, amma sai ka gyara bakinsu tukuna. Doka ta farko a ajina kowa da sunanshi ake kiranshi, ba "gurgu" ba "bebe" ba "mahaukaci", kuma dokar ta fara daga kaina da sauran malamai. Ina ba su labarin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon sahabin da Suratu Abasa ta sauka a kanshi sa'ad da ya zo neman ilimi, wanda ya zama ladanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har ana bar mashi riƙon Madina in an yi tahiya. Yaranmu duk sun hardace surar a makarantar allo, in ka gaya masu dalilin saukarta sai ka ga aji ya yi tsit. Sannan ka haɗa yaron da abokan zama, amma ba mutum guda ba har ƙarshen shekara, zai gaji kuma karatunshi zai ja baya, uku ko huɗu suna karɓa-karɓa duk sati. Ka koya masu taimako ba shi ne yi mashi aikin ba, mai karanta ma makaho tablo karantawa kawai zai yi, amsa ta makahon ce. Shi ma yaron a ba shi aikin da zai yi ma aji, rabon kaye, riƙon alli, kiran suna, jagorancin waƙa, don wanda kullum shi ake taimako bai taɓa taimakon kowa ba ranshi na mutuwa. Tausayin da ya wuce kima shi ma cuta ne, in ya yi laihi a yi mashi faɗa kamar kowa.

Wajen jarrabawa ka tambayi kanka mi kake aunawa. In tarihi ne to sanin tarihi kake nema ba saurin hannu ba, wanda hannunshi ke rawa ko makaho shi amsa da baki. Ni ina ƙara masu kashi ɗaya cikin uku na lokacin, ina rubuta tambayoyi da manyan baƙaƙe ga mai raunin ido, kurma kuma maimakon dikte in nuna hoto ko abu shi rubuta sunanshi. In yaron ya kusa jarrabawar ƙasa a sanar da inspekshon tun farkon shekara, ba saura sati guda ba.

Hilin lakwal kuma aikin direkta ne da COGES, wato kwamitin kula da lakwal, da uwayen yara, amma kai ne za ka tada maganar a taro. Keken guragu ba ya tahiya cikin rairayi, a daɓe 'yar hanya da jar ƙasa daga ƙofa zuwa aji. Ajin da ke da matakala a yi mashi gangara, ƙa'idar ita ce duk santimita 1 na tudu a ba shi santimita 12 na tsawo, wato dakali mai santimita 30 gangararshi mita 3 da santimita 60, in ta fi haka tsayuwa keke baya zai kihe. In ba hali a musanya aji, a ba su wanda ke daidai da ƙasa. Makewayi shi ne abin da ba a son faɗi kuma shi ke korar yara, yaron da ke rarrahe da hannu ka tuna mi yake takawa a can, kujerar katako da anka huda tsakiya da ƙarhen kamawa jikin bango kahinta da mai walda na unguwa za su yi su yini guda. 'Yan mata masu naƙasa, musamman kurame da masu jinkirin fahimta, a tabbata ba su tahiya gida su kaɗai, don mugun mutum ya san ba su iya ba da labari.

In an yi taron CAPED, wanda malamai ke haɗuwa su ƙara ma juna sani, ka kai maganar gaban 'yan uwa, za ka iske wani ya taɓa riƙe irin yaronka kuma shina da dabarar da ba ka sani ba. Kayen nan da na ce ka ware, kowane yaro shahi biyu, ka rubuta abin da ya iya yau, da abu uku kacal da kake so shi iya kahin ƙarshen wata uku, ƙanana waɗanda ake gani, kamar shi rubuta sunanshi, shi ƙidaya zuwa 20, shi zamna minti goma bisa aiki guda. In wata ukun sun cika ka zamna da uwar ku duba tare, ka fara gaya mata abin da ya samu kahin abin da ya rage. Ƙarshen shekara kuma kar kayen shi kwana cikin akwatinka, ka kai shi hannu da hannu ga malamin da zai karɓi ajin, ku zamna ko rabin awa ne ka gaya mashi wane kunne ne mai ji, wane wuri yaron ke zama, su wa ne abokanshi, da lambar wayar gidansu.